Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Daraktan Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa Kan Tattara Takardun Shari'a na Zamanin Turawa

Mai girma Darakta,

 

Takardar shari'a ta zamanin Turawa ita ce duk takardar da aka rubuta a lokacin mulkin mallaka domin tabbatar da wani haƙƙi ko ɗora wani wajibi, aka kuma ƙarfafa ta da sa hannu, ko hatimi, ko dangwalen yatsa. A Arewacin Nijeriya zamanin ya fara daga 1 ga Janairu 1900, ranar da Gwamna Lugga ya karɓi ragama daga Kamfanin Neja a Lakwaja, ya ƙare ranar 1 ga Oktoba 1960. Takardun sun kasu gida biyu. Akwai waɗanda Turawa suka rubuta da Ingilishi a ofisoshin Razdan da na Di'o da sakatariyar Kaduna, akwai kuma waɗanda sarakuna da alƙalai da hakimai da magatakardan En'e suka rubuta da Larabci, ko ajami, ko Hausar boko. Kashin farko ya samu gata, domin an jera shi a fayil, an ba shi lamba, an aika kwafin mafi muhimmanci a cikinsa Landan. Kashi na biyu ya warwatsu a ɗakunan ajiyar kotuna, da fadoji, da akwatunan zuriyar alƙalai da attajirai. Manufar wannan wasiƙa ita ce bayyana ire-iren waɗannan takardu, da abin da ke ba su daraja, da abin da ke cin su, sannan a roƙi ofishin Darakta ya jagoranci aikin ƙidaya su da ɗaukar kwafinsu tun ana iya karanta su.

Ire-iren takardun

Nau'i na farko, kuma mafi tsufa, shi ne yarjejeniyoyi, waɗanda suka riga zamanin kansa. A 1885 Joseph Thomson ya zo a madadin kamfanin da daga baya ya zama Kamfanin Neja, ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Umaru ɗan Aliyu Babba da kuma Sarkin Gwandu. Matanin Ingilishi ya nuna an ba kamfanin iko mai faɗi a gaɓar kogin Kwara da Binuwai, a kan zai riƙa biyan wani abu duk shekara. Sakkwato kuwa ta ɗauki abin a matsayin izinin ciniki da aka ba baƙi, ta ɗauki kuɗin a matsayin gaisuwa. Da waɗannan takardu Ingila ta kafa hujja a gaban Faransa lokacin da aka shata layin Sayi zuwa Baruwa a 1890. Lokacin da gwamnatin Ingila ta karɓe lasisin kamfanin, ta biya shi diyyar fam 865,000, ta kuma bar masa rabin kuɗin haƙar ma'adinai na wani babban yanki na Arewa har tsawon shekara 99. Ke nan ƴan takardu kaɗan masu hatimi sun yanke makomar ƙasa da dukiyar da ke ƙarƙashinta.

Wasiƙar da aka ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko wa Lugga a 1902 tana nuna illar ɓatan takarda ta asali. Da fassararta ta Ingilishi Lugga ya kafa hujjar cewa Sakkwato ta zaɓi yaƙi, aka ci Kano a watan Fabrairu 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris. Daga baya D. J. M. Muffett, wanda shi kansa tsohon jami'in mulkin mallaka ne, ya nuna shakka a kan ingancin wasiƙar a littafinsa na 1964, kuma ɗaya daga cikin dalilansa shi ne rashin ganin matanin Larabcin. Da a ce takardar tana nan da hatiminta, da masana sun auna ta da sauran wasiƙun fadar, gardama ta ƙare. Wasiƙun da aka kwashe daga gidan Wazirin Sakkwato Buhari a 1903, waɗanda H. F. Backwell ya fassara ya wallafa a 1927, sun nuna irin abin da ake samu idan takarda ta tsira.

Nau'i na biyu shi ne takardun naɗi. Bayan cin ƙasa, kowane sarki yana karɓar takarda da sandar mulki, ya yi rantsuwa. Takardar tana ɗauke da sharuɗɗa: bin shawarar Razdan, barin kai harin kamun bayi, barin ɗora haraji sai da yardar gwamnati, da kuma ikon Gwamna na tuɓe sarkin da ya saɓa. Ba a bar wannan iko a kan takarda kawai ba, domin a 1906 an cire Sarkin Katsina Yero aka ɗora Muhammadu Dikko. Ƙasa da sarakuna, hakimai da alƙalai su ma suna da takardun naɗinsu, kuma a cikinsu ake ganin yadda aka fitar da masu sarauta daga birni aka zaunar da su a gundumomi.

Nau'i na uku, wanda ya fi kowanne yawa, shi ne takardun kotu. Dokar kotunan gargajiya ta 1900 da ta 1906 sun bar shari'a a hannun alƙalai da majalisun sarakuna, amma kowace kotu sai da waranti mai sa hannun Bature, wanda ke faɗin iyakar ikonta. Daga baya an kasa kotunan aji huɗu. Kotu mai daraja ta ɗaya tana iya yanke hukuncin kisa, sai dai ba a zartarwa sai Gwamna ya tabbatar. An hana yanke hannu da makamantansa. Da aka kafa baitulmali aka ɗora alƙalai a kan albashi, sai aka wajabta rubuta kowace ƙara a littafi, da bayar da rasit a kan tara da ushirar gado. Daga nan aka samu littattafan shari'a, da sammaci, da takardun saki da na hul'i, da na rabon gado, da wasiyya, da jingina, da kyauta, da shaidar bashi. Muhutin alƙali ko magatakarda ne ke rubutawa, alƙali ya sa hannu, Di'o ya zo rangadi ya duba ya sa nasa a gefe.

Darajar waɗannan littattafai ta bayyana a aikin Allan Christelow, wanda a 1994 ya wallafa fassarar zaɓaɓɓun shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914. A cikinsu akwai rigimar gona da gida, da kisan kai da diyya, da ƙarar bayi da iyayen gidansu, da ƙarar mata. Rahoton Razdan yana faɗin jimillar shari'o'in shekara. Littafin alƙali yana faɗin wanda ya kawo ƙara, da unguwarsu, da abin da ya ce, da shaidunsa, da hujjar da aka dogara da ita daga fiƙihun Malikiyya. Shari'ar Tsofo Gubba da En'en Gwandu ta 1947, inda kotun ɗaukaka ƙara ta Afirka ta Yamma ta soke hukuncin kisan da kotun sarki ta yanke, ta buɗe muhawarar da ta kai ga kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Musulmi a 1956 da sabuwar dokar laifuffuka ta Arewa da ta fara aiki a 1960. Wanda ke son fahimtar yadda alƙalai suka yi aiki a tsakanin waɗannan sauye-sauye, littattafansu zai nema.

Nau'i na huɗu shi ne takardun ƴancin bayi. Dokar 1901 ta hana saye da sayar da mutane, ta soke matsayin bauta a idon kotunan Turawa, ta kuma ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu na shekarar ɗa ne. Amma ba ta ƴanta waɗanda ke hannu kai tsaye ba. Wanda ke son ƴanci sai ya bi ta kotun alƙali, ya yi murgu har ya tara kuɗin fansa, ko wani ya fanshe shi, a ba shi takarda mai sa hannu, a rubuta sunansa a rajista. Sai a 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn sun gina babban sashe na littafinsu na 1993 a kan waɗannan rajistoci, waɗanda ke nuna suna, da asali, da shekaru, da wanda ya biya fansar.

Nau'i na biyar ya shafi ƙasa da ciniki. Dokar ƙasa ta 1910, wadda ta biyo bayan kwamitin da aka kafa a zamanin Gwamna Girouard, ta sa ƙasar Arewa duka a ƙarƙashin kulawar Gwamna a madadin ƴan ƙasa. Baƙi da kamfanoni suna karɓar takardar izinin zama ta wasu shekaru, kamar yadda aka yi wa kantunan Turawa da Kwarori bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, da filayen Sabon Gari, da filayen haƙar kuza a Jos. Talaka kuwa yana riƙe gonarsa bisa al'ada, shaidarsa ita ce dagaci da mai unguwa, sai kuma takardar alƙali idan rigima ta taso ko aka raba gado. Ga kuma takardun bashin kaka tsakanin kamfanonin sayen gyaɗa da dillalansu, da rasit ɗin haraji da na jangali, waɗanda sau da yawa su kaɗai ne shaidar cewa wani gida ya zauna a wani gari a wata shekara.

Inda takardun suke

Gidan adana takardu na ƙasa ya samo asali ne daga binciken da Kenneth Dike ya gudanar tsakanin 1951 da 1953, inda ya zaga ofisoshin gwamnati ya ga halin da tsofaffin fayiloli ke ciki. An buɗe ofishin a 1954, aka yi masa doka a 1957, aka sabunta ta da doka mai lamba 30 ta 1992. Manyan rassansa uku ne: Ibadan, Inugu da Kaduna. Reshen Kaduna ne ke riƙe da fayilolin sakatariyar jihar Arewa da na larduna irin su Kano, Sakkwato, Zazzau, Barno da Adamawa, tare da tarin rubuce-rubucen Larabci. Baya ga shi akwai Arewa House, gidan marigayi Sardauna, wanda aka mayar cibiyar bincike a 1970 a ƙarƙashin jagorancin Farfesa Abdullahi Smith. Akwai shirin binciken tarihin Arewa na Jami'ar Ahmadu Bello, da hukumar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da hukumar tarihi da al'adu ta Kano, da gidan tarihi na Jos.

A waje, wasiƙun da gwamnonin Arewa suka aika Landan suna gidan adana takardu na Ingila da ke Kew, takardun Lugga na kansa suna Jami'ar Oxford, na Kamfanin Neja da magajinsa UAC kuma suna hannun kamfanin Unilever. A 2011, sakamakon ƙarar da tsofaffin fursunonin Mau Mau na Kenya suka shigar, gwamnatin Ingila ta amince cewa tana riƙe da dubban fayilolin da aka kwashe daga ƙasashe 37 gab da samun ƴancinsu, har da Nijeriya. An buɗe su ga masu bincike daga 2012. A ɗaya gefen iyaka, takardun Damagaram da Maraɗi da Tasawa da Ƙonni sun rabu tsakanin Yamai, da Dakar, da Aix-en-Provence a Faransa, alhali gidaje da yawa na can da na Katsina da Daura da Sakkwato dangi ɗaya ne, gado ɗaya suke ci.

Abin da babu wanda ya ƙidaya shi ne wanda ya rage a hannun jama'a da ƙananan ofisoshi. Sauye-sauye uku sun tarwatsa takardun En'e. A 1967 an raba jihar Arewa gida shida. A 1968 an karɓe kotuna daga hannun En'e aka mayar da su kotunan yanki a ƙarƙashin gwamnatocin jihohi, aka kuma rufe kotunan sarakuna. A 1976 aka maye gurbin En'e da ƙananan hukumomi. Kowane sauyi ya zo da kwasar kaya daga wannan gini zuwa wancan, kuma tsohon littafin Larabci da sabon ma'aikaci ba ya iya karantawa shi ne kan gaba wajen tafiya ɗakin shirgi. Wasu alƙalan da magatakarda sun tafi gida da nasu, kuma yau suna cikin gafakar jikokinsu tare da littattafan fiƙihu.

Abin da ke ba takarda daraja

Sa hannu shi kaɗai ba ya isa. Takarda tana yin ƙarfi ne idan an san hannun da ta fito, da hannayen da ta bi, da takardun da aka same ta a tsakiyarsu. Dokar shaida ta Nijeriya ta 2011 ta ba kotu damar ɗaukar sa hannun takardar da ta kai shekara 20 a matsayin na gaskiya, amma da sharaɗin ta fito daga inda ya kamata a ce tana ajiye. Takardar rabon gadon da aka ɗauko daga akwatin magada, ko daga ɗakin ajiyar kotun da ta rubuta ta, tana cika wannan sharaɗi. Wadda ta bi ta hannun dillalai uku ta zama abin ado a bangon wani ta rasa rabin ƙarfinta, ko da kuwa ta gaske ce.

Batun bai tsaya ga malaman tarihi ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta amince da haƙƙin waɗanda ke riƙe da filaye tun kafin zuwanta, don haka tsohuwar takardar alƙali tana iya raba gardamar gona a yau. Rigingimun sarauta da na iyakar gundumomi kan koma ga takardun naɗi da rahotannin shata iyaka. A tsakanin ƙasashe ma haka ne. Hukuncin da Kotun Duniya ta yanke ranar 10 ga Oktoba 2002 tsakanin Kamaru da Nijeriya ya dogara ne a kan takardun mulkin mallaka: yarjejeniyar Ingila da Jamus ta 1913 a kan Bakasi, da takardun Ingila da Faransa na 1929 zuwa 1931 a kan iyakar tafkin Cadi da tsaunukan Adamawa. Yarjejeniyar 1884 da sarakunan tsohuwar Kalaba ita ma ta shiga muhawarar.

Inda takarda ke da irin wannan tasiri, ba a rasa jabu. Masana suna gane na gaske ta hanyoyi da dama. Takardun farkon zamanin yawanci an rubuta su a kan takarda mai alamar wata uku, wadda ake ganin jinjirin wata uku a jikinta idan an ɗaga ta a haske, kuma mafi yawanta daga masana'antar Galvani ta ƙasar Italiya take. Daga baya takardar ofis mai layi da fom ɗin da aka buga suka maye gurbinta. Tawadar gida, wadda ake haɗawa da bagaruwa ko gawayi da ƙaro, tana da kamanni dabam da ta kwalba, haka kuma bakin alƙalamin gamba dabam yake da na ƙarfe. Kowace fada tana da siffar hatiminta da salon buɗe wasiƙarta. Ana auna kwanan watan Hijira da na Miladiyya, a duba ko alƙalin da aka ambata yana kan kujera a shekarar, ko Di'on da ya sa hannu yana wannan gunduma. Duk wannan awo yana bukatar tarin takardu na gaske da za a kwatanta da su, kuma wannan tari shi ne abin da ƙasa ba ta kammala haɗawa ba.

Abin da ke cin su

Gara ce babbar abokiyar gaba, sai ɓeraye da kyankyasai. Ɗigon soro da danshin damina suna kawo funfuna, bushewar hunturu kuma tana sa takarda ta yi ƙarau ta karye a wurin ninki. Tawada mai sinadarin ƙarfe tana cin takarda a hankali har haruffa su zama huda. Takardar ofis ta ƙarshen zamanin ta fi ta farko saurin lalacewa, saboda tsamin da ke jikinta yana mayar da ita ja ta riƙa marmashewa. Gyaran jahilci ma yana kashewa: manna selotef a kan tsaga, ko rufe takarda cikin leda da na'ura mai zafi, wanda mutane ke yi da kyakkyawar niyya, ɓarna ce da ba ta gyaruwa.

Akwai kuma hannun mutum. Idan mai gida ya rasu, akan raba littattafansa da takardunsa kamar sauran kayan gado, kundi ɗaya ya rabu gida biyar. Abin da magada ba su gane ba yakan tafi wajen mai tsire da mai ƙosai, ko a ƙona shi domin gudun wulaƙanta sunan Allah da ke jikinsa. A Turai da Amurka akwai kasuwa ta masu tara tsofaffin takardu masu sa hannu, ana gwanjonsu, ana cinikinsu a intanet, kuma farashi yana bin shaharar mai sa hannun. Wannan kasuwa tana sa a zare shafi ɗaya mai hatimin sarki daga cikin fayil a yar da sauran, alhali sauran ne ke bayyana dalilin rubuta shi. Mai tarawa domin sha'awa ba abokin gaba ba ne, domin takardu da yawa sun tsira ne ta hannun irinsa. Abin da ya rasa shi ne ƙa'ida da zai bi, da ofishin da zai kai wa labarin abin da ya samu.

Abin da ake roƙo

Na farko, a buɗe rajistar takardun da ke hannun jama'a. Dokar 1992 ba ta tsaya ga takardun gwamnati ba, ta ba ofishin Darakta hurumi a kan takardun mutane da na kamfanoni masu darajar tarihi, ta kuma taƙaita fitar da su waje. Nijeriya ta shiga yarjejeniyar UNESCO ta 1970 da ta hana fataucin kayan tarihi, kuma tsofaffin takardu suna cikin abin da ta ƙunsa. Amma ba a iya neman a dawo da abin da ba a taɓa rubuta cewa yana nan ba. Rajistar ta faɗi irin takardar, da shekararta, da harshenta, da mai sa hannun, da gidan da ke riƙe da ita.

Na biyu, a je wa mutane da kyamara a gidajensu, a bar musu kayansu. Gidajen malamai da na sarauta suna da dalilin tsoron miƙa takarda ga hukuma, domin takardar shaidar gonarsu ce ko ta asalinsu. Idan aka tabbatar musu a rubuce cewa mallaka tana hannunsu, aka ɗauki hoto a gabansu, aka ba su kwafi da akwatin ajiya mai kyau, ƙofofi za su buɗe. Wanda ya ga dama ya ba da ajiya, a rubuta masa yarjejeniyar amana da zai iya karɓar kayansa duk ranar da ya so. Shirin ceto takardu na babban ɗakin karatu na Ingila, wanda aka fara a 2004, ya ɗauki nauyin irin wannan aiki a Arewacin Nijeriya, kuma ya nuna cewa kyamara da kwamfuta da ma'aikata ƴan kaɗan suna iya yin aiki mai yawa. Kwafin kuma a ajiye shi a wuri fiye da ɗaya.

Na uku, a zauna da manyan alƙalan jihohi, na manyan kotuna da na kotunan ɗaukaka ƙara na shari'a, da majalisun sarakuna, a bi ɗakunan ajiyar tsofaffin kotuna ɗaya bayan ɗaya. Duk littafin shari'ar da ya girmi 1960 ya wuce lokacin amfanin yau da kullum, wurinsa gidan adana takardu ne, ko aƙalla a ɗauki kwafinsa a gyara masa wurin zama.

Na huɗu, a nemi masu karatu. Rubutun muhutai na farkon zamanin Turawa Larabci ne na Magariba mai cike da sunayen garuruwa da sarautu da kalmomin Hausa da Fulatanci da Barbarci, wanda Balaraben Masar ba zai warware shi ba, ɗan boko ma haka. Makarantar koyon shari'a da aka buɗe a Kano a 1934 da malamai daga Sudan, wadda ta zama makarantar nazarin Larabci a 1947, ta yaye alƙalai da magatakarda masu wannan ƙwarewa, kuma waɗanda suka rage cikinsu da ɗalibansu tsofaffi ne. A haɗa su da malaman zaure da ɗaliban sassan tarihi da Larabci na jami'o'i, a rubuta bayanin kowace takarda da Hausa da Larabci da Ingilishi.

Na biyar, a kafa ƙa'idar sirri tun kafin a ɗora komai a intanet. Takardar fansar bawa, da shari'ar zina, da ta musun ɗa, suna ɗauke da sunayen mutanen da jikokinsu ke raye, suna neman aure, suna neman sarauta. A ware irin waɗannan, mai bincike ya gan su bisa sharaɗin sakaya suna, sauran kuma a sake su ga kowa.

Na shida, a fitar da jagora ga masu tarawa da dillalan kayan da: kada a raba fayil, a rubuta inda aka samu kowace takarda da wanda ya sayar, a kawo ta a yi mata rajista, kuma gidan adana takardu ya zama shi ake fara yi wa tayi idan za a sayar. A yi amfani da gidajen rediyo wajen faɗa wa jama'a abu mai sauƙi: a ɗaga takarda daga ƙasa, a nisanta ta da bango mai danshi, a shimfiɗa ta maimakon ninkewa, a bar selotef da leda mai zafi.

Na bakwai, a nemi cikakken kwafin abin da ke Kew da Oxford da hannun Unilever, a kuma ƙulla musayar kwafi da gidan adana takardu na Nijar da cibiyar binciken da ke Yamai mai riƙe da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Ɗalibin Gusau ko Azare bai kamata ya nemi bizar Ingila ba kafin ya karanta takardar da aka rubuta a garinsu.

Aikin ba ya bukatar sabuwar doka ko sabon gini kafin a fara shi. Ana iya soma shi da lardi ɗaya daga reshen Kaduna, a gwada tsarin rajista da na yarjejeniyar amana, a gyara kurakurai, sannan a faɗaɗa. Takarda mafi ƙuruciya a cikin waɗannan ta haura shekara sittin, mafi tsufa ta haura ɗari da talatin, kuma masu iya karanta su suna raguwa. Saboda haka ana roƙon ofishin Darakta ya sa wannan aiki cikin kasafinsa na shekara mai zuwa, ya kira taron sarakuna da alƙalai da jami'o'i da gidajen da ke riƙe da takardun, ya kuma sanar da ranar buɗe rajistar.

Allah ya yi jagora, ya ba da ikon sauke nauyi.

Wassalamu alaikum.